Gidan Tarihi: Ma'ajiya Ko Makaranta?

Shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina gaishe ku da girmamawa.

An ce in yi magana a kan gidajen tarihi. Zan taƙaita, don na ga an fara shigo da abinci.

Gidan tarihi irin na yau Turawa ne suka kawo mana shi. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg wani kan mutum-mutumi na yumɓu da aka tono a wurin haƙar kuza. Daga nan duniya ta san mutanen Nok, waɗanda suka rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce. A 1952 aka buɗe gidan tarihi na Jos. Manufar a lokacin ita ce a tara kaya, a adana, masana su yi nazari. Talaka kuwa bai ɗauki wurin a matsayin nasa ba.

Amma mu tun da can fasaharmu a fili take. Zanen dagi a jikin soro, da rinin Ƙofar Mata, da masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, duk idon kowa aka yi wa su, ba a biyan kuɗin kallo.

Yau manufa ta sauya. Kayan tagulla da sojojin Ingila suka kwashe daga Benin a 1897 sun fara dawowa. Jamus ta miƙo wasu a Abuja a Disambar 2022. To, in kaya ya dawo gida, masu gida ba su leƙa ba, me aka yi ke nan? Dubi Gidan Makama a Kano, gini tun ƙarni na 15, zamanin Muhammadu Rumfa. Mu tambayi kanmu, 'ya'yanmu nawa suka taɓa shiga? Yaron da bai ga aikin kakanninsa ba, kowa ya ce masa ba shi da asali sai ya yarda.

Ga roƙona ga wannan ƙungiya: mu ɗauki nauyin hayar mota sau ɗaya kowane zango, a kai 'yan aji uku gidan tarihi tare da malaminsu. Kuɗin bai kai na walimar yau ba. Malamanmu sun yi mana nasu, saura mu yi wa na baya.

Allah Ya ja kwanan malamanmu, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.