Wuta-wuta, Buhun Wake da Manomin da Ba a Tambaya
(Jawabi a taron ƙungiyar ɗalibai, Jidda)



An ba ni minti goma in yi magana kan binciken noma da wanda ake yi dominsa. Zan fara da kusa da mu. A Thuwal, kimanin kilomita 80 arewa da Jidda, akwai jami'ar KAUST da aka buɗe a 2009. A can Farfesa Salim Al-Babili da abokan aikinsa suka daɗe suna yaƙi da wuta-wuta, wato ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke shanye gero da dawa. Tsiro ɗaya na zubar da iri dubbai, kuma irin kan yi fiye da shekara 10 a ƙasa yana jira. Ba ya tsirowa sai ya ji wani sinadari da saiwar gero ke fitarwa. Sai masanan suka haɗa kwatankwacin sinadarin, a zuba a gona kafin shuka, irin ya ruɗu ya tsiro, ya rasa abin kamawa, ya mutu. An gwada a gonakin Burkina Faso.

Dabara ce mai kyau, wallahi. Amma manomin Daura ko Tasawa zai tambaya: nawa ne kuɗinsa? A wace kasuwa zan samu? Idan damina ta makara fa? Amsar waɗannan tambayoyi ce za ta sa aikin ya isa gona ko ya tsaya a mujalla.

Muna da misalin abin da ya isa. A 2007 Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗa buhun PICS na ajiyar wake, tare da masu bincike na INRAN a Maraɗi. Leda biyu ne a ciki, buhun saƙa a waje. A ɗaure tam, iska ta ƙare, ƙwari su mutu, babu magani ko ɗigo. Yadda aka kai shi ga jama'a shi ne darasin. An shiga ƙauye-ƙauye, aka ɗaure waken mutanen gari a gabansu, bayan watanni aka kwance a bainar jama'a. An yi bayani a rediyo da harshen mutane, aka jawo mata cikin gwajin, aka kuma riƙa ƙera buhun a Kano. Wadda a da take sayar da wakenta da kaka a wulaƙance don tsoron ƙwari, yanzu tana iya jira farashi ya tashi. To, wannan shi ne adalci a harkar abinci.

Mu injiniyoyi an koya mana mu auna inganci da ƙarfi. Ina roƙonmu mu ƙara ma'auni uku. Na farko, wa ya zaɓi matsalar? Mai sussuka da mai surfe sun san inda aiki ke cin rai, amma ba kasafai ake tambayarsu ba. Na biyu, mai 'yar gona ɗaya zai iya saye, kuma maƙerin gari zai iya gyarawa? Na uku, da wane harshe aka rubuta bayanin? Gargaɗin maganin feshi da Turanci bai tsare wanda ajami yake karantawa ba.

'Yan'uwa, kowannenmu zai je gida hutu. Kafin ka rubuta babin gaba, zauna da manomi yini guda, ka saurara. Ke ma 'yar'uwa, akwai gidajen da ke kaɗai za ki iya shiga ki ji ta bakin mata. Sannan duk wanda ya kammala, ya rubuta shafi biyu da Hausa kan abin da ya gano, a sa a wannan mujalla.

Allah ya sa iliminmu ya zama mai amfani, ya ba mu damina mai albarka.