Yadda Ake Auna Alƙalin Wasa a Potiskum

Da zarar an yi busar tashi a wasannin unguwa na Potiskum, sai a koma kan alƙalin wasa. A teburin mai shayi ake yanke masa hukunci: waɗanda suka ci su ce ya yi adalci, waɗanda aka ci su rantse an saye shi. Wannan awo bai da amfani, domin sakamakon wasa yake bi, ba aikin mai usur ba.

A Ingila, ƙananan ƙungiyoyi kan ba alƙali maki cikin 100 bayan kowane wasa. Ƙungiyar da ta ba shi 60 ko ƙasa da haka, dole ta rubuta dalilinta. A gasar ƙwararru ta Najeriya ma akwai kwamishinan wasa da mai tantance alƙalai, kowa da rahotonsa.

Masu shirya gasa a Potiskum na iya yin haka da takarda guda. Kyaftin biyu su cike ta washegari, bayan zuciya ta huce, a miƙa wa hukumar ƙwallon ƙafa ta Jihar Yobe a Damaturu.