Fitilar Motar da ke Tausayin Idon Wani



Duk wanda ya taɓa shiga motar dare ya san halin da direba yake shiga. In ya bar gajeriyar wuta, ba ya hango nesa. In ya kunna doguwa, ya dalle wa mai zuwa ido. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa guda. Ashe ke nan direban da haske ya kashe wa ido na daƙiƙa uku ya yi tafiyar fiye da mita 80 a makance, da mutane cike a bayansa.

Maƙeran mota sun daɗe suna neman mafita. Tun 1948 motar Tucker ta Amurka ta zo da fitila ta uku a tsakiyar goshinta, mai juyawa tare da sitiyari. A 1967 kamfanin Citroën na Faransa ya sa wa motarsa DS fitilu masu leƙa kwana kafin motar ta shige ta. Waɗannan sun taimaki mai tuƙi, amma ba su yi wa mai zuwa komai ba.

Abin da ya fi burge ni ya zo ne a 2013, lokacin da Audi ta Jamus ta fito da fitilar da aka rarraba ta ƙananan ƙwayaye masu yawa, kowace tana kunnuwa ta mutu ita kaɗai. Akwai kyamara a saman gilashin gaba. Da ta hango wutar wata mota, sai kwamfuta ta kashe ƙwayayen da ke haska wannan motar kurum, sauran hanya kuwa tana nan tarwai. Watau ana yi wa mai zuwa 'yar inuwa mai bin sa duk inda ya yi. Abin mamaki, Amurka mai tinƙaho da motoci ba ta halatta irin wannan fitila ba sai a Fabrairun 2022, don tsohuwar dokarta ba ta san komai ba sai doguwar wuta da gajeriya.

To, jama'a, kada mu yi saurin tafi. Wannan fitila idon wanda ke zuwa take karewa. Mai ita, in ya yi karo da tirelar da aka jera wa ƙarin fitilu kamar gidan biki, makancewa zai yi kamar kowa. Amfaninta ba ya cika sai motocin duka biyu suna da ita, ga shi kuwa har yanzu an fi samunta a motoci masu tsada.

Bugu da ƙari, kyamarar wuta take nema. Mai babur ko mai keken da ba shi da fitila, kamar yadda muke yawan gani a hanyoyinmu, ba lalle ta yi masa inuwa ba. Direba zai gan shi, shi kuwa ya sha haske. Ƙurar hunturu ma in ta rufe gilashi, kyamarar ta zama makauniya.

Wata rana na tambayi wani direban motar haya dalilin da ba ya rage wuta. Ya dube ni ya ce, "Ɗan makaranta, in na rage, na gaba ba zai rage ba." Na rasa amsar da zan ba shi har muka iso tasha.