Hanya Biyu a Cikin Masana'anta: Jawabi ga Ɗalibai da Sababbin Ma'aikata



Batunmu na yau shi ne wayoyin da injunan masana'anta suke magana da juna ta cikinsu. A tashar lantarki ko matatar ruwa ta zamani, famfo da ma'auni da kwamfutar da ke ba su umarni duk suna haɗe ne bisa tsarin da ake kira Etanet, wanda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙago a 1973. A kowace mahaɗa akwai akwati mai suna swici, aikinsa ya karɓi saƙo ya miƙa shi inda aka nufa. In hanya ɗaya ce tak, ranar da waya ta tsinke aiki ya tsaya.

Mai hankali zai ce a ja waya ta biyu. To, a nan gizo yake saƙar. Saƙon Etanet ba ya ƙidaya zangon da ya wuce, balle ya gaji ya mutu. Idan hanyoyi biyu suka zama zobe, saƙon da aka aika wa kowa sai ya yi ta kewayawa yana hayayyafa har layi ya toshe. Cunkoso kuwa ba abin wasa ba ne. A watan Agusta na 2006, a tashar nukiliya ta Browns Ferry da ke Alabama ta Amurka, saƙonni sun yi wa layin tashar yawa har na'urorin da ke sarrafa famfuna biyu suka daina amsawa, dole ma'aikata suka kashe tukunya ta uku da hannu.

Saboda haka hanya ta biyu sai da ƙa'ida. Ta farko ita ce STP, wadda Radia Perlman ta tsara a 1985. Swici-swici sukan zaɓi shugaba a tsakaninsu, su rufe ƙofofin da suka yi rara, sai babbar hanya ta yanke a buɗe su. Amma buɗewar takan ci daƙiƙa 30 zuwa 50. Magatakarda a ofis zai iya jira. Injin da ke narkar da ƙarfe ba zai iya ba. A 2001 aka fito da RSTP, wadda ta rage jiran zuwa 'yan daƙiƙoƙi ko ƙasa da haka.

Masana'antu suka nemi abin da ya fi wannan, aka sami MRP. A nan da gangan ake jera swici har 50 a zobe, a naɗa ɗaya mai gadi. Shi yakan toshe gefe guda, yana ta aika saƙon gwaji kewaye da zoben. Da zarar saƙon bai komo ba, ya san an yanke, sai ya buɗe gefen da ya toshe, cikin kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa a tsarin da aka fi amfani da shi.

Har ila yau akwai inda wannan ma ya yi tsawo, watau tashoshin rarraba lantarki, inda umarnin yanke wuta ba ya jiran ƙiftawar ido. Can ake aiki da PRP da HSR. PRP takan aika kowane saƙo kwafi biyu ta layuka biyu da ba su haɗa komai ba, HSR kuwa ta aika shi dama da hagu a cikin zobe. Wanda ya riga isowa a karɓa, na baya a watsar. Babu jira ko kaɗan, sai dai kuɗin kayan ya ƙaru.

'Yan'uwa, cikinmu akwai waɗanda gobe za a ajiye wa takardar kwangila a kan tebur, an rubuta cewa an tanadi hanya ta biyu. Kada mu sa hannu sai mun yi tambaya uku. Injin nan, tsawon wane lokaci zai iya jira, kuma ƙa'idar da aka zaɓa ta cika wannan sharaɗi? Wayoyin biyu, rami ɗaya aka binne su, yadda diga ɗaya za ta sare su tare? Sa'an nan, ran karɓar aiki, wa zai zare wayar a gabanmu mu ga ko injin ya ci gaba da juyawa? Ɗan kwangilar da ya ƙi a zare ya riga ya ba mu amsa. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.