Wane Ne Ɗan Ƙasa? Haihuwa da Asali a Dokar Amurka



Tsarin mulkin Amurka, wanda aka tsara a 1787, ya gindaya wa mai neman shugabanci sharuɗɗa uku: ya kai shekara 35, ya zauna a ƙasar shekara 14, kuma ya kasance ɗan ƙasa tun daga haihuwa. Sharuɗɗa biyu na farko lissafi ne kawai. Na ukun kuwa ba su fayyace ma'anarsa ba, kuma daga nan gardama ta samo tushe.

Masana shari'a sun san hanyoyi biyu na zama ɗan ƙasa ba tare da roƙo ba. Ta farko ita ce hakkin ƙasa, wato inda aka binne cibiyarka nan ne ƙasarka. Ta biyu ita ce hakkin jini, wato ka gaji ƙasar iyayenka ko a ina aka haife ka. Amurka ta gaji ta farkon daga Ingila, amma ba ta yi wa kowa adalci da ita ba. A 1857, a shari'ar Dred Scott, Kotun Ƙoli ta yanke cewa baƙar fata jikokin bayi ba 'yan ƙasa ba ne. Sai da aka gwabza yaƙin basasa kafin a gyara wannan ɓarna da Gyara na 14 a 1868, wanda ya mayar da duk wanda aka haifa a ƙasar, yake kuma ƙarƙashin ikon dokarta, ɗan ƙasa.

Wannan sharaɗi na ikon doka shi ne ƙashin bayan maganar. A 1898 kotun ta duba ƙarar Wong Kim Ark, haifaffen San Faransisko wanda iyayensa 'yan Sin ne, aka hana shi shiga ƙasar bayan ya dawo daga ziyara. Ta tabbatar masa da 'yancinsa, ta ware 'ya'yan jakadu da na abokan gaba da suka mamaye ƙasa. Abin mamaki, Indiyawan da aka tarar a wurin sai a 1924 doka ta game su duka.

Siyasa ma ba ta bar batun ya huta ba. An haifi John McCain a yankin Mashigin Panama a 1936, har Majalisar Dattijai ta zartar da ƙuduri a 2008 cewa ya cancanci takara. Barack Obama kuwa, da aka haifa a Hawaii a 1961, an yi ta yaɗa ƙaryar cewa a Kenya aka haife shi. A ran 20 ga Janairu 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a umarnin hana wannan 'yanci ga 'ya'yan baƙin da ba su da izinin zama na dindindin, kotunan tarayya suka dakatar da shi nan da nan. Masu goyon bayansa suna cewa baƙo bai cika biyayya ga ƙasar ba. Masu suka suna cewa hukuncin 1898 ya riga ya rufe ƙofar.

Kada mu ɗauka abin ya yi nisa da mu. Tsarin mulkinmu na 1999 ya bi hanyar jini a sashe na 25, sashe na 131 kuma ya ce sai ɗan ƙasa na haihuwa zai zama Shugaba. A 1980 an kwashi Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a Majalisar Borno, aka tsallaka da shi Chadi da sunan baƙo ne, sai kotu ce ta maido masa da hakkinsa.

Jama'a, gobe ku ne za ku zauna a ofisoshin da ake ba da takardar shaida da fasfo. Ku tuna cewa wanda aka raba da ƙasarsa ba shi da inda zai kai kuka. Ku bi abin da doka ta ce, ba abin da mai mulki yake so ba.