Gani Ya Kori Ji, Awo Ya Kori Gani

(Matanin laccar da aka gabatar wa sababbin ɗaliban kimiyya)



An nemi in yi magana a kan tushen ilmin fiziks, watau faɗuwar abubuwa da motsi da zafi. Na san yawancinmu mun haddace ƙa'idojin waɗannan abubuwa tun a sakandare, mun zuba su a takardar jarrabawa, mun wuce. Abin da nake so in nuna yau shi ne, kowace ɗaya daga cikin ƙa'idojin nan ta saɓa wa abin da ido da hannu suke gaya mana, kuma ba a kai gare ta ba sai da wani ya ɗauki ma'auni ya gwada. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Masanin fiziks ya yarda da wannan, sai dai a wurinsa shi ma ganin ba a sakankance da shi sai an auna.

Bari mu fara da faɗuwa. Aristotil, masanin nan na ƙasar Girka, ya koyar da cewa abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗuwa. Kusan shekara dubu biyu ana karantar da haka, domin kuwa duk wanda ya saki dutse da ganye ya ga wanda ya riga isa ƙasa. Galileo, mutumin Italiya, shi ne ya zauna ya auna. Da yake abu mai faɗuwa ya fi ƙarfin agogon zamaninsa, sai ya jingina dogon katako, ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla a kansa, yana auna lokaci da nauyin ruwan da ya tsiyaye daga wani mazubi. A littafin da ya fitar a 1638 ya bayyana cewa in lokaci ya ninka biyu, nisan da ƙwallon ya ci yakan ninka huɗu. In ya ninka uku, nisan ya ninka tara. Nauyin abu bai shiga lissafin ba. Iska ce take tare ganye. A ran 2 ga Agusta, 1971, ɗan sama jannati David Scott ya tsaya a kan wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin shaho a lokaci guda, suka sauka tare.

A nan doron ƙasa, saurin abu mai faɗuwa yana ƙaruwa da kimanin mita 9.8 a sakan, cikin kowane sakan. Saboda haka in ka jefa tsakuwa a rijiya ka ji ƙararta bayan sakan biyu, zurfin ya kusa mita 20. Wasu suna kiran wannan ƙarfi maganaɗisun ƙasa, amma sunan yana iya ɓatar da ɗalibi, don maganaɗisu ba ya jan itace ko ruwa, alhali kuwa ƙarfin jan ƙasa bai bar kome ba. Shi ne ma yake riƙe da wata a kan hanyarsa, kamar yadda Ishaku Newton na Ingila ya nuna a 1687.

Sai motsi. Ido yana gaya mana cewa abu ba ya tafiya sai ana tura shi, domin da mai amalanke ya saki hannu, amalanke sai ta tsaya. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi shakkar wannan, ya ce abin da aka harba ba zai tsaya ba in da babu abin da yake tare shi. Newton ya kafa maganar ta zama doka: abu mai tafiya zai ci gaba da tafiyarsa, da saurinsa, a miƙe, sai in wani ƙarfi ya taɓa shi. Abin da yake tsayar da amalanke gogayya ce tsakanin taya da ƙasa. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 ya yi nisa da duk wata gogayya, ga shi kuwa yana ta tafiya da gudun kusan kilomita 17 a sakan, ba injin da yake tura shi.

Jama'a, a nan nake so mu dakata, domin wannan doka ta shafi rayukanmu duk ranar da muka shiga mota za mu tafi hutu. In mota ta yi karo ta tsaya, fasinja bai tsaya ba; jikinsa yana nan da gudun da motar take yi, har sai gilashi ko kujerar gaba ta tare shi. Amfanin ɗaura bel ke nan. Haka kuma direba yana zaton in ya ninka gudu, haɗari ya ninka biyu ne kawai. Lissafi ya ce huɗu ne, domin ƙarfin da yake cikin abu mai gudu yana bin saurin ne a ninke da kansa. Motar da ta daki bango tana gudun kilomita 60 a awa daidai take da wadda ta faɗo daga tsayin mita 14. Wadda take gudun 120 kuwa kamar ta faɗo ne daga mita 57, kuma nisan da birki yake bukata kafin ya tsayar da ita ya ninka huɗu. Wanda ya fahimci wannan ba zai zuga direba ya ƙara wuta ba.

Na uku shi ne zafi, inda hannu yake yaudararmu. Da asubar hunturu, taɓa ƙyauren ƙarfe, sa'an nan ka taɓa turmi. Za ka rantse ƙarfen ya fi sanyi, amma ma'aunin zafi zai nuna maka ɗaya suke. Bambancin shi ne ƙarfe ya fi itace saurin ɗauke zafi sau ɗaruruwa, sai ya zuƙe ɗumin hannunka nan take. Bargo ma ba ya ba da ɗumi. Naka yake tsare maka. Shi ya sa mai sayar da ƙanƙara yake lulluɓe ta da buhu don kada ta narke, ko da yake mai kallo zai ce ɗumama ta ya yi.

To, mene ne zafin kansa? Masanan Turai sun daɗe suna ɗaukarsa wani irin ruwa ne da ido ba ya gani, mai kwarara daga wannan jiki zuwa wancan. A 1798 Rumford, wanda yake lura da huda bututun igwa a birnin Munik na Jamus, ya ba da rahoton cewa muddin ana gugar ƙarfe zafi ba ya ƙarewa, har ya tafasa ruwa ba tare da wuta ba. Daga baya, a shekarun 1840, James Joule ya ɗaura abu mai nauyi a igiya, ya bar shi yana sauka yana juya filafilai cikin tukunyar ruwa, ya auna yadda ruwan ya ɗan yi ɗumi. Ku dubi yadda batutuwanmu uku suka haɗu a tukunya ɗaya: jan ƙasa ya haifar da motsi, motsi ya koma zafi. Ashe zafi motsin ƙwayoyin zarra ne da suke cikin abu. Gudun da mota ta rasa bai ɓace ba. Wanda ya kusanci birkinta bayan doguwar gangara zai ji inda ya tafi.

Roƙona gare ku shi ne, in kun shiga ɗakin gwaji, ku rubuta abin da ma'auni ya nuna muku, ko da ya saɓa wa na littafi, sa'an nan ku nemi dalilin saɓanin. Ɗalibin da ya gyara adadi don ya dace da amsar da malami yake jira ya sami maki, amma bai koyi fiziks ba, kuma gobe shi za a danƙa wa aikin gada ko na injin asibiti. Galileo da katako da ruwa ya yi aikinsa, saboda haka ƙarancin kayan aiki ba zai zama mana uzuri ba.

 Allah ya ba mu ilmi mai amfani.