Wa zai gaji tsofaffin masu gyaran injunanmu?

Jama'ar Maraɗi, Ƙonni, Magarya da Matamai, da dukkan ƴan uwa na bakin iyaka.

Yau maganar inji ce ta tara mu. Matatar man SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana. Ga kamfanin siminti a Malbaza, ga SONICHAR mai ƙona gawayi a Anu Araren don ba Agadas da Arlit kuran. Kowane ɗayansu yana tsaye ne a kan hannun mai gyara: wanda ke sauraren kukan inji ya gane ciwonsa, ya canza mai a kan lokaci, ya yi walda kafin bututu ya fashe. Ranar da babu shi, famfon garinku ya tsaya, injin niƙa ya yi shiru, maganin asibiti ya lalace a firji.

Ku duba masu wannan aiki. Da yawansu furfura ta cika kai. Ina magadansu? Kun fi mu sani, domin ƴaƴanku ne. Yaro ya shekara biyar yana aparanti a gareji, ba albashi, ba takarda. Ya iya aiki, amma kamfani ya ce sai mai dipilom. Mai dipilom kuma a ce masa bai taɓa riƙe sifana ba. Daga nan sai bida: wani Kano, wani Libiya ko Aljeriya, wani ramin zinariya. Mu ne muka yi reno, wasu ke cin moriya.

Matasanmu ba ragwaye ba ne. Hanya ce ba a share musu ba. Idan kun ba mu amana, ga abin da za mu kai majalisa:

Na ɗaya, duk yaron da ya koyi gyara a hannun maigida a gwada shi a kan inji, in ya ci a ba shi takardar da kamfani zai karɓa.

Na biyu, ɗaliban makarantun fasaha, irin ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, su raba lokacinsu tsakanin aji da masana'anta, ana biyansu alawus. Kamfanoni na biyan harajin koyon sana'a. Kuɗin nan ya koma inda ake koyon.

Na uku, duk kamfanin da ya kawo gwani daga waje, a rubuta a kwangila cewa zai horar da ƴan ƙasa su gaje shi, da wa'adi.

Na huɗu, wanda aka ɗauka a yi masa rajista a CNSS, a ba shi takalmi, hula da tabarau na kariya, ya kuma san matakin da zai hau bayan shekaru. Matashi ba ya zama inda bai ga gaba ba.

Na biyar, tsohon gwani kada ya yi ritaya da iliminsa a ciki. A biya shi ya koyar. Ƴan mata ma a buɗe musu ƙofa. Gyaran lantarki basira yake so.

Iyaye, kada ku raina baƙin mai a rigar ɗanku, sana'a ce mai ci da gida. Matasa, ku adana katinku na zaɓe. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, har da mu, ku tambaye shi: yara nawa za ka sa a gaban inji, kuma yaushe?

Allah ya ba mu zaɓe lafiya, ya yi wa sana'ar hannu albarka.